Rijiya Ashirin da Bakwai, Murfi Ashirin da Bakwai

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, shugaban wannan taro. Allah ya ja zamanin Dagacin Wurma. Allah gafarta Malam Liman. Malam Dalhatu, malamin tsafta da ya taso mana tun daga Dutsin-Ma a kan keke. Dattawa, manoma da makiyaya, da iyayenmu mata da ke saurare a bayan zana, ina gaishe ku gaba ɗaya.

Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana ta shekarar 1963, na gode muku da kuka ba Rabe tsoho dama ya yi magana. Takardar nan da hannuna na rubuta ta. Sai da na yi furfura na shiga ajin Yaƙi da Jahilci, don haka in na yi tuntuɓe a karatu, ku yafe mini.

Magana ta farko ita ce laifina. Bara Malam Dalhatu ya shiga gidana ya ga rijiyarmu, bakinta daidai da ƙasa, sai itace biyu da aka gitta. Ya ce, "Baba Rabe, a ɗaure bakin nan da siminti, a yi mata murfi." Na ce, "Malam, rijiya numfashi take yi. In ka rufe ta, ruwan ya mutu, ya yi wari. Haka muka taras, haka za mu bari." Ba ni kaɗai na faɗa ba, duk garin nan mun faɗa.

Magana ta biyu ita ce abin da ya biyo baya. Da damina, da hantsi, muna gona, jikata Lauratu, 'yar shekara uku, ta bi ɗan tsako har bakin rijiya. Ƙasa ta jiƙe, ƙafa ta zame. Allah ya kawo Manu makiyayi yana wucewa da shanunsa, ya ji kururuwar mata, ya tsallake danga, ya ɗaura igiyar guga a ƙugu ya sauka. Da na iso na taras an kifa ta a cinyar uwarta tana aman ruwa. A satin nan na ɗaure bakin rijiyata har ƙugun babban mutum, na sa mata murfin katako. Na bi gida gida ina ba da labari, ba kunya, har rijiya ashirin da shida suka sami murfi.

Saura ɗaya: ta yayana Alu, wanda gidansa ya fi kowane gida yara. Jikoki tara ke rarrafe da guje-guje a tsakar gidan nan. Na roƙe shi, ya ce, "Kai Rabe, daga koyon baƙi sai ka fi ubanmu sani? Ni ba ni shan mataccen ruwa."

To shekaranjiya, a ƙofar gidan Dagaci, na sa aka kawo ƙwarya biyu, ɗaya daga rijiyarsa, ɗaya daga tawa. Na ce, "Yaya, shekara saba'in kana shan ruwanka. Nuna mana naka." Ya kurɓi wannan, ya kurɓi waccan, ya tofar da ta biyun. Ya ɗaga ta farko ya ce, "Ga ruwana mai rai! Waccan kuwa har ƙarnin kwaɗo take." Dagaci ya ce, "Malam Alu, wadda ka tofar ita aka ɗebo daga gidanka." Yaya ya sake leƙa ƙwaryar, ya ce, "Ashe haka nake shayar da iyalina?" Ya juyo gare ni ya ce, "Kira mini magini. Kuma ka daina wannan murmushin, ni ne dai babba."

Yau da safe aka ɗora murfinsa. Ashirin da bakwai, jama'a! Ba rijiya ko ɗaya a Wurma da ke buɗe baki tana jiran ɗan wani! Uwa ta tafi daka da kwanciyar rai, uba ya tafi gona da kwanciyar rai.

Roƙona na ƙarshe, murfi ba ya rufe kansa. Wanda ya ja ruwa ya mayar da shi. Kwalbar kananzir a rataye ta sama, lauje a soke shi a rufin ɗaki, yaro kada a bar shi shi kaɗai da murhu. Wakilin Hakimi, ka kai wannan labari Kurfi wurin Hakimi, ka ce masu ƙwaryarmu biyu na nan in suna son aro.

Allah ya raya mana zuriya, ya saka wa Manu da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode, na gode ƙwarai.