Awarwaron Shugaba

Assalamu alaikum. Mai girma daraktan ilimi, malam liman, maigidan marigayiya da 'ya'yanta, iyayen yara, 'yan'uwana malamai, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

An ce in yi magana a madadin sashen yara masu buƙata ta musamman. Wallahi ban san ta inda zan fara ba, domin duk wata magana mai nauyi marigayiya Shugabar makarantarmu ce ke yi mana ita.

Ta kasance mai sanin wane malami ya dace da wane yaro. Kafin ta duba takardunka, sai ta zaunar da kai a ƙasa gaban yaron da ba ya magana, ta ga ko ka iya jira. Ni da bakina ba ya hutawa, cewa ta yi, "Malam, kai rediyo ne, mu kuwa kunne muke nema." Ta kasance mai naci. Darakta, kai shaida ne, ofishinka ta mayar gida sai da aka fasa matakalar aji aka yi wa masu keken guragu gangare. Ta kasance mai bin iyaye har ɗaka idan sun ɓoye ɗansu don kunya.

Yanzu ga halin da muke ciki. Akwai yarinyar da muke kira Auta, ba ta gani, ba ta ji. Shugaba ta tsara kowannenmu ya riƙa sa abu guda a hannu kullum, da shi Auta ke gane mu. Nawa agogo ne, na Shugaba awarwaro. Tun ranar rasuwar, kowace safiya Auta na bin hannuwanmu tana lalube. Ta daina cin abinci a makaranta. Mun yi mata alamar mutuwa a tafin hannu, ba ta gane ba, ba mu kai ga koya mata wannan ba. Mahaifiyarta ta ce za ta cire ta daga makaranta, in kuwa ta koma ɗaka, shi ke nan.

Alhaji, maigidan marigayiya, ku gafarce ni, roƙo zan yi a bainar jama'a. Don Allah ku ara mana awarwaron nan. Za mu ɗora wa Auta shi a tafin hannu, babu hannun mai shi a ciki. Ko za ta fahimta, ba mu sani ba. Dabara ta ƙare mana, kuma wadda za mu tambaya ita ce ta tafi.

Mun gode da kuka zo. Allah Ya jiƙan Shugaba, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalinta haƙuri. Allah Ya fahimtar da Auta, mu kuma Ya ba mu ƙarfin riƙe ta idan ta gane. Amin.