Injin Ya Yi Kuka, Saura Birki

Shugaban wannan zama, Alhaji Mu'azu, uban masu garaji na ɓangarenmu; mai unguwa da liman; abokan sana'ata na kasuwar Katako da kuka rufe rumfuna kuka zo; maƙwabtanmu Zabarmawa, fofo, sannunku da zuwa; iyayenmu mata da ke bayan labule; jama'ar unguwar Bobiel baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Bawa mai kayan mota na hannu. Ina godiya ga Malam Zubairu da ya tara mu a ƙofar gidansa, ina godiya ga uwargidansa Hajiya Rakiya da ta ciyar da mu kafin ta ji abin da zan faɗa.

Magana ta farko, yabo ne, kuma ya cancanta. Wannan mota da kuke gani, tsohuwar bashe ce mai buɗaɗɗen baya, wadda Malam ya jawo da igiya, kaji suna ƙwai a cikinta. Malamin lakkol ne, wato makarantar boko, ba makanike ba, amma kowace Asabar yana ƙarƙashinta. Ya kankare tsatsa, ya yi walda, ya jera kujeru a baya. Da injinta na isansi, wato mai shan fetur, ya ƙi tashi, ya zo rumfata, na sayar masa da na gazuwal, mai shan man dizal, da aka ciro daga motar kaya. Injin ya fi ramin tsohon injin girma. Malam ya yanke, ya sake ƙafafun da injin ke zama a kai, ya haɗa shi da akwatin giyar da ba a yi su don juna ba, ya sa babbar radiyata saboda zafin Yamai. Aiki ya yi kyau. Ni da na sayar ma ban zaci zai shiga ba, amma ban faɗa masa ba a lokacin, don ba a tambaye ni ba.

Magana ta biyu, yadda muke gwaji. Ɗazu Malam ya murza makulli, ya taka totur, injin ya yi ruri, muka yi tafi, wani ya ce, "Kai, wannan ko tirela!" Haka muke yi a Katako, haka muke yi a kowane garaji: mota tana tsaye, mu karkata kunne, in kuka ya yi daɗi mu ce ta yi. Da kunne muke saye, da kunne muke sayarwa. Jama'a, a cikinmu wa ya ce a taka birki mu gani? Babu. Birki ba ya kuka, shi ya sa ba ya samun tafi.

To ga abin da ke ƙasa. Injin sabo ne a jikinta, ya fi na da ƙarfi, ya fi shi nauyi. Birkin kuwa nata ne na asali, wanda aka yi don ƙaramin inji da mota marar kujeru a baya. Kuma jibi Malam yake son ya ɗauki iyalinsa cikinta zuwa Damagaram, hutun lakkol. Kun san hanyar: ga jakuna, ga amalanke, ga manyan motocin da ba sa kauce wa kowa.

Ban zo da wannan magana don raɗin kaina ba. Ranar Laraba Hajiya Rakiya ta same ni a rumfa, ta ce, "Alhaji Bawa, kai ka sayar da injin nan. In sa 'ya'yana a ciki?" Na ce, "In sha Allahu, Hajiya, lafiya lau." Ta dube ni ta ce, "Wannan ta kasuwa ce. Ta gida nake tambaya." Na ce ta ba ni zuwa yau. Ban taɓa rasa amsar mai saye ba, amma ita ba saye ta zo yi ba.

Magana ta uku, al'adarmu. Shugaba shaida ne: in aka sauya wa mota inji, wanda ya sayar da shi ne ke zama kusa da direba a fitar farko. Magabatanmu a sana'a sun kafa wannan ne don mai sayarwa ya riƙa tauna maganarsa. Yau kujerar tawa ce. Malam, kai abokina ne, na san dare da ranar da ka ba motar nan, na san ka gaya wa dangi a Damagaram su fito tarya. Amma a gaban jama'a nake faɗa maka: yau ba zan hau ba.

Kada ranka ya ɓaci tukuna. Buhun nan da ke ƙarƙashin kujerar shugaba, birkin motar kayan da aka ciro injin daga cikinta ne, gaba da baya, da tukunyar mansa. Kyauta ce, kuma kada a yabe ni, ƙafafuna nake karewa. Alhaji Mu'azu ya ce garajinsa a buɗe yake gobe. In an ɗaura, mu loda buhunan yashi a baya daidai nauyin iyali, mu fita bayan gari inda babu kabu-kabu, ka ba ta wuta, ka taka. In ta tsaya inda ka ce ta tsaya, ni zan fara tafi. In tafiyar ta yi jinkirin kwana biyu, Damagaram tana nan inda take.

Hajiya Rakiya, ga amsar ta gida: ba yau ba. Ranar da kika ga na fito daga motar nan da ƙafata ina dariya, ki sa su.

Allah Ya sa wa aikin Malam albarka, Ya tsare yaransa a hanya, Ya ba mu ciniki na halal, Ya mai da kowa gidansa lafiya, har waɗanda suka zo da motocin da ni na san birkinsu.

Na gode.