Layin da Na Soke da Jan Biro

Ɗaukaka ga Yesu, girma ga Maryamu! Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi.

Kafin in fara, bari in nemi afuwa. Fada, limamin cocinmu, shi ne ya ce in rubuta wannan shaida domin takardar labaran coci, na kuwa daɗe ina jan ƙafa, saboda ban amince da tunanina ba. Shekarun da zan ba da labarinsu, yawancinsu ban yi su cikin cikakken hankalina ba. Mai yiwuwa na ɗauko abin da ya faru da rani na sa shi a damina, ko na jingina wa wani maganar da ba shi ya faɗa ba. Abin da na tabbatar zan faɗe shi kai tsaye. Inda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

Sunana Ishaku. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a ƙasar Zango. Cocinmu ƙaramin reshe ne a wani ƙauye tsakanin Zango da Baure, ɗaki ɗaya mai rufin kwano da bishiyar darbejiya a bakin ƙofa. Fada yakan zo mana sau ɗaya a wata. Sauran Lahadi kuwa Katikis Luka ne yake bi da mu cikin sujada. Da na dawo daga jami'a aka ce tunda ni ne mai digiri, ni ne sakatare.

Babban aikin sakatare a wurinmu shi ne riƙe takardar roƙe-roƙe. Duk mai wata damuwa yakan zo ya faɗa, a rubuta masa layi ɗaya. Ran Lahadi sakatare ya miƙe ya karanta, bayan kowane layi jama'a su amsa, "Ya Ubangiji, ka ji addu'armu." Al'adarmu kuwa ita ce ba a cire layi sai wanda ya kawo shi ya dawo da bakinsa ya ce an amsa.

Yanzu ga tsohuwar rayuwata, ba zan ɓoye ba.

Na tashi a shekarun da aka kafa Shari'a a jiharmu. Mu Kirista 'yan kaɗan ne a nan, iyayenmu kuma kullum cikin ja mana kunne suke: kada a kuskura a ji warin giya a bakin ɗayanmu, a ce ga halin 'yan coci. Ban taɓa kai giya bakina ba, har ina taƙama da haka. Amma maganin tari mai kodin ba ya wari, a kemis kuma ake sayen sa. Na fara shan sa a shekarata ta ƙarshe a jami'a saboda tari na gaskiya. Sai na lura yana kwantar mini da fargabar da nake fama da ita tun ina yaro. Tarin ya warke, ni ban daina ba. Daga kwalba ɗaya a mako na koma ɗaya a rana, daga baya biyu. Nakan juye shi a robar lemo in shiga aji da shi. Ni da nake koya wa yara abin da guba take yi wa jiki!

Kwalaben da na shanye su suka zame mini matsala. Ba na iya zubar da su a gidan da nake haya, don mai gidan dattijo ne Musulmi da yake ganin mutuncina. Ba na iya barin su a makaranta. Sai na riƙa tara na mako a jaka, ran Lahadi in riga kowa zuwa coci da sunan shirya takarda, in zuba su a ramin da aka haƙi ƙasar ginin cocin, can baya inda ciyawa ta rufe. Allah ya gafarta mini, a nan nake shan na safiyar ma, sa'an nan in shiga in tsaya gaban jama'a.

Na yi ƙoƙarin dainawa. Sau uku, in ban manta ba, na ɗauki nobena, wato addu'ar kwana tara. Na yi ta daidai, ban tsallake rana ba. A rana ta goma kuwa ƙafafuna su kai ni kemis. Daga nan na yanke a zuciyata cewa addu'a tana da wa'adi, in wa'adin ya cika ba a amsa ba, to amsar ke nan. Ban faɗa wa kowa ba, amma na daina roƙo domin kaina. Na sallama cewa wannan kwalba ita za ta kashe ni.

A cikin takardar akwai layin Inna Saratu. Gwauruwa ce, ta manyanta, ba ta karatu, ita take share cocin kowace Asabar. 'Yan watanni bayan na zama sakatare ta zo ta ce in rubuta mata: "Domin wani ɗanmu, wanda Ubangiji ya san sunansa." Na rubuta da hannuna. Na ɗauka wani jikanta ne da ya tafi ci-rani ya yi shiru.

Shekara uku, ko ma fiye, ina karanta layin nan. Takarda ta kai shafi biyu, kwano ya ɗau zafi, matasa suna ta mutsu-mutsu a benci. Sai na kawo gyara. Na ce daga yanzu kowane roƙo wata uku zai yi a sauke shi, kuma dole a faɗi suna da dalili. Katikis Luka ya sosa ƙeya ya ce, "To, Malam, ku ne masu ilimi." Na ɗauki jan biron da nake duba jarrabawa da shi, na ja layi a kan roƙon Inna Saratu.

Lahadin da ta biyo na karanta gajeriyar takardata, ina shirin zama, sai na ji murya daga bencin mata: "Da wani ɗanmu, wanda Ubangiji ya san sunansa."

Jama'a suka amsa, har sun fi amsa mini ƙarfi.

Haka ta yi mako na biyu, haka na uku. Na ga dai sai na je na fahimtar da ita. Na same ta da la'asar a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, Malam. Yau jan biro ne ya biyo ni har gida?"

Na zauna na yi mata bayani a tsanake. Na ce tsari ne, ba raini ba. Na ce ko nobena ma kwana tara ce, tana da farko tana da ƙarshe.

Ta ce, "Ai Allah ba ɗan ajinka ba ne, da za ka ce masa lokaci ya cika, a ajiye biro."

"Inna, to ko sunan yaron ki faɗa mini."

"Wanda ake roƙo ya san shi. Kai masinja ne, karanta kawai."

"Shekara uku fa! Ba ki gaji ba?"

Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe ta dube ni. "Gajiya? Na gaji mana, ɗana. Amma yaron bai warke ba. In na yi shiru, wa zai riƙe masa wurinsa?" Sai ta cika mini aljihu da gyaɗa ta ce, "Ci, ka rame. Digiri ba ya hana yunwa."

Na tafi ina jin haushi. Ban mayar da layin ba, ita ma ba ta daina faɗa ba.

A lokacin jikina ya fara ƙi. Nakan yi gyangyaɗi a tsaye gaban allo. Wata rana shugaban makarantarmu ya kira ni ofis ya rufe ƙofa ya ce, "Malam Ishaku, ban tambaye ka komai ba. Amma ka nemi taimako wurin mutanenka tun kafin a tilasta mini yin abin da ba na so." Na yi masa godiya, na fita, na zarce kemis.

Sai wata Lahadi da damina, ina jin wajen lokacin da gero ya fara fid da kai ne, zazzaɓi ya kwantar da Inna Saratu ba ta zo ba. Na karanta takarda har ƙarshe. Na tsaya. Coci ya yi tsit. Ba wanda ya zauna, ba wanda ya yi tari. Kowa yana jiran layin da babu mai faɗarsa. Katikis ya sunkuyar da kai. Ni kuma na kasa zama, domin shirun ya yi mini nauyi kamar an bar mutum a waje an kulle ƙofa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ji kaina ina cewa, "Domin wani ɗanmu, wanda Ubangiji ya san sunansa."

"Ya Ubangiji, ka ji addu'armu!"

'Yan'uwa, ba zan ƙara wa labarin nan gishiri ba. Ban ji wata murya daga sama ba, ban ga haske ba. Abin da na sani shi ne, kafin su rufe baki na gane ko wane ne ɗan. Na durƙusa a wurin da takarda a hannu ina kuka kamar yaron goye. A karo na farko bayan shekaru na roƙa domin kaina. Kalma biyu kawai na iya: "Yesu, taimaka."

Ana tashi na nufi gidanta. Tana kwance a tabarma a zaure, an lulluɓe ta da zane.

Na ce, "Inna, ni ne?"

Ta nuna mini bayan rumbu da baki. Na je na tarar da buhunan taki a jingine, uku ne ko huɗu, an ɗaure bakinsu. Na kwance ɗaya. Kwalabena ne! Kowace Asabar in ta gama shara sai ta sauka ramin nan, da tsufanta, ta kwashe su. Ni kuwa da duk karatuna ban taɓa tambayar kaina me ya sa ramin ba ya cika ba.

Na dawo na zauna a ƙasa. "Me ya sa ba ki taɓa yi mini magana ba?"

Ta ce, "Da na yi, da kunya ta kore ka, ka daina zuwa. Na ga gara ka tsaya a gaba kana yi wa kanka addu'a da bakinka, mu kuma muna amsa maka. Sai ga shi ka soke kanka da jan biro." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Na ce to, bari in ɗaukar masa kafin ya dawo."

Ya Allah mai girma! Duk shekarun da na ɗauka na daina addu'a, ashe addu'ar ba ta daina ba. A bakina take fitowa kowace Lahadi, mutum talatin ko arba'in suna cewa amin, ban sani ba.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka a ranar na warke. Ba haka aka yi ba. Da Fada ya zo na furta masa zunubaina duka, shi kuma bai tsaya ga gafara kaɗai ba, ya haɗa ni da likita a Katsina. Na sha wuya: zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, kwana da kwanaki ba barci. Sau biyu na koma wa kwalba, na biyun bayan na yi wata biyar ban taɓa ba. Na je wurin Inna ina jin kamar in nutse. Ta ce, "To, sai me? An ce maka mun sauke layin ne?" Yau shekara ta huɗu ke nan ban sha ba. Ina faɗar haka da tsoro, domin na san kaina.

Ni ba masanin tauhidi ba ne, Fada zai gyara mini in na kauce. Amma ga abin da nake gani. A dā na ɗauka naciya cikin addu'a ƙoƙari ne na shawo kan Allah, kamar mai ƙin bayarwa. Yanzu ina ganin ba Allah ne yake bukatar a yi ta tuna masa ba. Mu ne muke saurin sallama juna. Layin nan da ake maimaitawa shi ya hana jama'a su saba da rashina, shi ya ajiye mini wuri har ranar da na iya tsayawa a cikinsa. Mai yiwuwa akwai abin da ya fi wannan zurfi, amma iyakar abin da na gani da idona ke nan.

Na janye dokar wata uku, na mayar da layin Inna. Takardarmu ta koma shafi biyu, kwano yana nan da zafinsa.

Da na cika shekara biyu ban sha ba, na je na ce, "Inna, an amsa. In cire?"

Ta harare ni. "Kai kaɗai ne ɗa a cocin nan? Bar shi."

Yana nan. Bara Inna Saratu ta huta cikin Ubangiji, kuma bisa ga al'adarmu ita kaɗai ce take da ikon cewa a sauke shi. Saboda haka ba mai sauke shi. Kowace Lahadi ina karanta shi a hankali, ba na ɗaga kai in dubi kowa.

Godiya ta tabbata ga Allah Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, wanda bai gaji da ni ba! Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana da wanda kake roƙo dominsa har bakinka ya gaji, kada ka ja masa layi. In kuwa kai ne ka daina roƙo domin kanka, ka zo dai ka zauna a benci. Wataƙila an daɗe ana amsa maka.

Waɗanda suke cocin a ranar, musamman Katikis Luka da matan zumuntar coci, ina roƙonku, in na yi kuskure a wani wuri ku aiko da gyara ta hannun Fada. Yawan buhunan ma ban tabbatar ba. Akwai kuma abu ɗaya da har yau ban sani ba, zan so wani ya gaya mini gaskiya: a cikinku da kuka yi shiru kuna jira a Lahadin nan, mutum nawa ne suka riga suka san sunan ɗan?