Mama Nas da Mutumin da Ke Tsaye a Bayan Taga

Rabaran shugaban wannan taro, Fastonmu da sauran bayin Allah da suka zo daga nesa, dattawan ikilisiya, shugaban asibiti da ma'aikatansa, Baba mijin marigayiya, 'ya'ya da jikoki, iyayena mata na zumunta, mawaƙa, maƙwabta da abokan arziki, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku.

An ce in yi magana a madadinmu duka, don na yi aiki a ƙarƙashin Mama Nas a ɗakin haihuwa, na kuma zauna kusa da ita a bencin mata shekara da shekaru. Tun da na riƙe abin maganar nan nake jiran in ji an ce, "Ke, ɗaga murya, na baya ba sa ji." Yau babu mai faɗa mini.

Ta kasance uwar rabin wannan taro. Da yawa cikinku a hannunta kuka yi kukan farko. Ta kasance mai faɗa, kada mu ɓoye. In ta kama ki kin taɓa jariri ba ki wanke hannu ba, har mai gadi a bakin ƙofa sai ya ji labarinki. Amma da an tashi aiki ita ce za ta raka ki bakin hanya, tana tambayar jikin mahaifiyarki.

Akwai abin da manyanmu suka sani, yara ba su sani ba. Na nemi izinin Baba, na nemi izinin ɗan'uwanmu Direba, su biyun suka ce in faɗa.

Shekarun baya, autan Mama yana dawowa daga makaranta, jaka a baya, mota ta buge shi a gaban kasuwa. Mai tuƙin ba baƙo ba ne. Direba ne, ɗan ikilisiyarmu, ɗaya daga cikin mawaƙanmu, wanda Mama ta karɓi haihuwar 'yarsa. Gudu yake yi fiye da kima, da bakinsa ya faɗa wa alƙali. Aka kawo yaron asibitinmu, Mama tana bakin aiki, a nan ya cika. Ba zan ƙara komai a kan wannan rana ba.

Direba ya yi zaman gidan yari ya fito. Hukuma ta sake shi, amma shi bai saki kansa ba. Ya ajiye tuƙi, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Duk Lahadi sai ya zo ya tsaya a waje, jikin bango, bayan tagar can ta hagu, ya saurari wa'azi, ya sulale kafin a tashi. Fasto ya yi masa magana, dattawa suka yi. Amsarsa ɗaya: "Irina ba ya shiga."

Mama kuwa ta canja wurin zama don kada ta hango shi. Kada ku ɗauka gafara ta zo mata da sauƙi. Ta taɓa ce mini a ɗakin canja kaya, "Ƙanwata, in muna addu'ar da Ubangiji ya koya mana, da na zo wurin gafara sai bakina ya yi nauyi. Abin nan ya ɗaure ni."

Sai wata Lahadi ta Jibin Ubangiji. Muna kan layin karɓar gurasa da ƙoƙo, tana gabana, saura kaɗan ta isa wurin Fasto, sai ta juya ta ratsa mutane ta fita. Na zaci jiri ne ya kama ta, na bi bayanta. Na iske ta tsaye a gaban Direba, shi kuwa ya durƙusa, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Tashi mu shiga."

Ya ce, "Mama, ki bar ni a nan. Ban gama shan hukuncina ba."

Ta ce, "Yaushe za ka gama? Ko ka tsaya a nan har furfura ta rufe ka, ba za ka dawo mini da yarona ba. Hukuncin da kake nema, Yesu ya riga ya sha shi a kan gicciye. Ko kana ganin nasa bai isa ba, sai ka ƙara da naka?"

Ya fashe da kuka. Ta ce, "Ba kai kaɗai ne a ɗaure ba. Kai laifi ya riƙe ka, ni ƙiyayya ta riƙe ni. Na gaji. Na yafe maka, ko da yake zuciyata ba ta gama yarda ba tukuna. Ubangiji zai ƙarasa."

Bai shiga ba ranar. Mama ta ce, "To, ni ma a nan zan yi sujadata." Da Lahadi ta zagayo, ta zo da 'yar kujera da laima, ta zauna kusa da shi. Haka ta gaba, haka wadda ta biyo bayanta. Fasto ya koma yin wa'azi yana fuskantar taga, har masu zama a dama suka fara gunaguni wai an manta da su.

Baba, ka tuna ka yi fushi, kuma babu wanda ya ga laifinka. Amma ranar da ruwa ya sauko ana tsakiyar waƙa, kai ne ka tashi ka fita ka karɓi laimar daga hannunta. Mun gani ta taga, ka ɗaga ta har ta rufe su biyun, kai kana jiƙewa. Ranar nan ku uku kuka shigo tare. Mawaƙa suka kasa ƙarasa waƙar.

Jama'ar Allah, mun sha jin cewa ceto kyauta ne, cewa wanda Almasihu ya 'yanta daga zunubi ya 'yantu ƙwarai. Mun ji da kunne. A wurin Mama muka gani da ido, muka kuma gane cewa mutum yana iya zama an kwance shi, amma sai an sami wanda zai zauna tare da shi har ya yarda.

Ta kasance mai taurin kai a kan alheri. Ita ta tilasta wa Direba ya koma tuƙi. Ta ce ƙafafunta sun gaji, in bai kai ta aiki ba, za ta zauna a gida, mata su haihu a hanya, alhakin yana wuyansa. Da ciwo ya kwantar da ita, shi ne ya riƙa kai ta asibiti, yana tafiya a hankali har tana yi masa tsiya wai mai keke ya wuce su.

A kwanakinta na ƙarshe ba ta ji tsoro ba. Marmari take yi. Ta riƙe hannun Baba ta ce, "Na daɗe ban ga yaron nan ba. Bari in je. Zan ce kana gaishe shi."

Baba, gidan zai yi maka faɗi, mun sani. Kada ka zauna kai kaɗai, ƙofofinmu a buɗe suke. 'Ya'yan Mama, ku yi kuka, ba rashin bangaskiya ba ne, mu ma yi muke. Direba, ɗan'uwanmu, ɗago kanka. Kai ma uwa ka rasa, wurinka yana cikin iyali.

A madadin iyali da ikilisiya, mun gode wa duk wanda ya tako, da waɗanda suka yi jinya, da waɗanda suka yi addu'a daga nesa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode don baiwarka da ka ara mana. Kai ka cece ta, ba aikin hannunta ba. Ka ta'azantar da Baba da yaran nan. In akwai wanda ke ɗaure a cikinmu yau, da laifi ko da ƙiyayya, ka kwance shi. Muna kewarta, ya Ubangiji, kewa mai tsanani. Ka ba mu haƙurin jira har ranar da za mu sake ganin fuskarta a gabanka. Cikin sunan Yesu. Amin.