Takardar Roba da Fuskar Ya Falmata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Malam Kashim Gana, uwar taro, Hajiya Saude, alƙalan gasa, malaman zane, 'yan'uwana masu rubuta allon shago da masu yi wa motoci ado, da duk wanda ya tako daga Gwange, Abbaganaram ko Bulumkutu, ina yi muku barka da zuwa.

Sunana Babakura, malamin zane. Ina gode wa Ƙungiyar Masu Zane ta Yerwa da ta ɗora mini nauyin miƙa kyautar bana ga Malam Simon Dzarma, ko da yake zan so in san wanda ya kawo wannan shawara. Tare muka tashi da Simon a Gwange, malami ɗaya ya koya mana riƙe burushi, kuma har gobe ina cewa hannuna ya fi nasa. Kishinsa nake yi, ban ga dalilin ɓoye muku ba.

Maganata ta farko a kan takardar da ya ci gasa da ita ce, wadda muke kira takardar roba. A ofishin safiyo ya san ta, inda ake zana taswira a kanta, ya riƙa tsintar ragowar da aka yar. Ba ta yagewa, ba ta shan ruwa, gara ba ta cinta. In ka yi kuskure, tsumma kawai za ka sa ka goge. Na faɗa tun farko, kuma ina nan a kan bakana, takardar da ke yafe kowane kuskure sangarta hannu take yi. Amma wa ya saurare ni? A bajekolinmu, jama'a suka bar zanena suka yi cincirindo a gaban nasa, suna kallo yana kwara masa ruwan buta.

Ta biyu, abin da ya shiga tsakaninmu. Na danne zuciyata na je na ce, "Simon, ba ni falle guda in gwada." Ya ba ni. Na zauna na sake zana aikin da na fi ji da shi a duniya, wato fuskar mahaifiyata, Ya Falmata, mai sayar da turaren wuta a bakin kasuwar Gwange, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Na zana ta da kalar ruwa, yadda malaminmu ya koya mana, na ce yanzu kam ta tsira har jikoki. Ashe shi Simon fentin mai yake sawa, irin na masu allon shago. Ya zo gidana ya ga zanen a bango, ya ce, "Babakura, wace kala ka sa?" Na ce, "Kai za ka koya mini kala?" Yanzu yana cewa wai gargaɗi ya so ya yi mini na katse shi. To, in gargaɗi ne, bakinsa ciwo yake yi da ba zai maimaita ba?

Ta uku, kowa ya san abin da ambaliyar kogin Ngadda ta yi mana bara. Zanen fuskarta na farko, na takarda ta gari, ya narke ya zama kunu. Na roba kuwa, ga shi nan a hannuna, ku duba da kyau. Ko kusurwa bai yage ba, amma fari ne fat, ruwa ya wanke kalar tas. Shi kuwa Simon ya tono nasa daga laka, ya wanke su da sabulu, suka fito suna ƙyalli.

Ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini ciwo. Ku dubi zanen da ya ci gasar, wanda ke bayana, na kasuwar Gwange. Ku dubi ƙasa ta hagu, gindin bishiyar maina, inda wata mata ke zaune da faifan turare. Ya Falmata ce. Tuwonta Simon ya ci ya girma, ɗana take ce masa. Ya ja mata hanci fiye da kima, ya rage mata zanen kumatu, wannan kam sai na faɗa. Amma yadda take karkata kai in tana sauraren mai saye, abin da na yi ta nema ya gagare ni, shi ya kamo shi. Yau duk duniya babu inda fuskar uwata ta saura sai a takardar Simon.

Saboda haka ina da roƙo, ranka ya daɗe shugaba. Na ji an ce can sama da ƙofar wannan zaure za a rataye shi. A taimaka a sauko da shi daidai tsayin mutum, domin zan riƙa zuwa, kuma idona ba kamar da ba ne.

Malam Simon, taso ka karɓi abinka.

Allah ya kiyaye garinmu daga wata ambaliya, ya mayar wa kowa alherin abin da ya rasa, ya kai kowa gida lafiya. Allah ya jiƙan Ya Falmata, ni kuma ya ba ni haƙurin zuwa gaishe ta a zanen wani.

Na gode.