Buhun Leda a Ƙofar Gidana

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni tsohon malamin makaranta ne a Tudun Wada, Gusau. Ni kaɗai nake zaune, ga ciwon ƙafa.

Duk damina ledojin ruwa kan toshe kwata, ruwa ya shigo mini ɗaki. Bana Alhaji mai gidan ruwan leda ya shiga shirin tara leda, ya rataya buhu a ƙofata don 'yan unguwa su riƙa zubawa.

Na ce, "Alhaji, hukuma ce ta matsa?"

Ya yi dariya. "A'a Baba, ra'ayina ne. Masu narkar da leda na saye, ban yi asara ba."

Yanzu ɗakina a bushe yake, kuma duk mai kawo leda sai ya tsaya mun gaisa. Ina gaida masu gidajen ruwa na Tsafe da Bungudu. Don Allah ku ma ku nemi ƙofar wani tsoho.