Tsamiyar Cikin Gona

A tashar Kibiya, wani dattijo da wani magidanci suna jiran motar Rano ta cika.

"Baba, ka kalli fim ɗin mutumin da ya sare tsamiya, aljanu suka biyo shi gida? Ni tun da na gani ba na bi ta gindin tsamiya."

"An tura mini a waya. Shirme ne, duk aikin kwamfuta."

Can sai dattijon ya matso.

"Cajina ya ƙare ban ga ƙarshen ba. Mutumin ya warke kuwa?"

"Ina fa. Haukacewa ya yi."

"Duk da an kai shi wajen malam?"

"Ba a kai shi ba. Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya ƙalau. Ni ta gonata ƙarama ce, kuma sai da na yi bisimilla kafin na sa mata gatari. Direba, saura mutum nawa?"